Alhamis Ɗin Da Malama Kuluwa Ba Ta Zo Ba

Allon ƙarfe suka zo in yi musu. Samari huɗu ne, kowa da waya a hannu, kaftani ya sha guga kamar masu zuwa ɗaurin aure, suka tsaya a bakin rumfata suna kare hanci daga hayaƙin gawayi. Shugabansu, wani Nura da suke kira Ciyaman, ya nuna mini hoto a waya: allo mai ƙafa biyu, sunan Malama Kuluwa a sama, sunan ƙungiyarsu a ƙasa, baƙaƙensa sun fi na sunanta girma. Wai ranar sadakar arba'in ɗinta za a kafa shi a yi jawabai.

"Baba, ba wani aiki ba ne," in ji shi. "A yanka, a liƙa, a shafa fenti. Mai walda ma kafin azahar zai gama. Don dai an ce kun yi aiki da marigayiya ne muka ce bari a kawo maka."

Na gode masa da wannan karamci. Shekara arba'in da 'yan kai ina dukan ƙarfe a Kontagora, yau ga shi an taimaka mini da aiki. Sai na tambaye su ko a cikinsu akwai wanda ya san Isiyaku na Sahon Rami. Suka dubi juna. Ɗaya ya shiga lalube a waya, ko zai same shi a ciki.

Ba zai same shi ba. Isiyaku yana wani ɗaki a bayan rumbunan gidansu, da mari a ƙafa, wato ƙarfen nan da ake ɗaure mai taɓin hankali da shi. Shekara uku ke nan, kuma ƙarfen ya fara cin naman ƙafarsa ta hagu. Malama ta yi masa alkawarin za ta zo ranar Alhamis da maƙeri a cire. Ranar Talata Allah ya karɓi ranta. Tunda dai yaran yanzu sun ɗauka aikin ƙarfe yanka ne da liƙawa, bari in faɗi yadda abin yake tun daga farko.

Fartanyar farko da na ƙera, mahaifina ya juya ta sau biyu ya jefa cikin ruwan kashe ƙarfe, ya ce in ajiye ko za a buƙaci cokali. Kafin nan shekara uku na yi a bakin zugazugi, ba a yarda na taɓa masaba ba. Aikina in hura wuta in kalli launin ƙarfe, in san jan da ke cewa a daka da jan da ke cewa an makara. Sifirin tsohuwar mota muke yankawa mu yi fartanya da garma da lauje da gatari. Gab da damina manoman Beri da na Salka sukan cika rumfar, kowa da gaggawarsa. Mutum zai kawo maka fartanyar da ta ci damina uku har ta koma kamar kunnen akuya, ya rantse maka makon jiya ya saya a wurinka.

Mari kuwa ba a gaban rumfa ake koyar da shi ba, a baya ne. Za ka auna ƙafar da zare, ka bar wurin yatsa ɗaya. Zobe biyu, gajeriyar sarƙa a tsakani. Ba mu sa kwaɗo, domin kwaɗo yana da makulli, makulli kuma yana ƙarewa a hannun uwa, uwa kuwa da ta ji kukan ɗanta za ta buɗe. Saboda haka ƙusa mai kauri muke zurawa a bakin zoben, mu daddaɓe kanta da masaba har ta baje. Daga nan babu mai buɗewa sai maƙeri.

Muna kuma da ƙaryarmu ta sana'a, wadda na gada tare da masaba. In 'yan'uwa sun danne mutum yana fizge-fizge, sai ka sassauta murya ka ce, "Haba, kwantar da hankalinka, kwana bakwai ne kawai. Juma'a mai zuwa zan dawo in cire." Sau da yawa sai ka ga ya miƙa ƙafar da kansa. Ban taɓa komawa ko Juma'a ɗaya ba. Har alfahari nake yi, don an san marin Sallau ba ya ɓallewa.

Wata ranar Laraba ina tsakiyar gyaran garma, sai ga wata gajeriyar mata da lema da kwandon roba cike da katunan asibiti. Na san ta, kowa ya san ta. Malamar asibiti ce da ta yi ritaya, maimakon ta zauna ta yi renon jikoki kamar mai hankali, sai ta shiga bin gida-gida da ƙauye-ƙauye tana neman waɗanda aka ɗaure. Hausa, Kambarci, Fillanci, duk wanda ka iya za ta yi maka faɗa da shi. A kasuwa Uwar Mahaukata ake ce mata. Ta ce ta karɓa, ya fi mata a kira ta uwar masu hankali irin namu.

"Kai ne Sallau mai aikin da ba ya ɓallewa?"

Na ce ni ne, har ina gyara zama.

"Madalla. Taso ka ɓalle shi."

Ɗanlami ne aikin farko, kuma a kansa na yi kuskuren da har yau yana tafiya da ƙafa biyu a kasuwar Salka. Saurayi ne mai awon hatsi, ciwo ya same shi, ya daina barci, yana magana da mutanen da ba kowa ke ganinsu ba. Ni na ɗaure shi shekara biyu kafin nan. Malama ta yi wata uku tana kai masa magani daga asibiti, tana lallashin ubansa, har aka yarda. Da muka isa ta tsaya a tsakar gida tana magana da uwar, ta ce in jira ta. Ni kuwa wa zai koya mini aikina? Na shiga ɗakin ba sallama, na jawo ƙafar na ɗora a kan ƙarfe, na kafa kurfi, wato abin da muke datse ƙarfe da shi, na ɗaga masaba.

Abin da ban lissafa ba shi ne, rabon yaron nan da fuskata tun ranar da na ce masa sai Juma'a. Da ya gan ni da masaba, sai ya ɗauka na zo ƙara matsewa ne. Ya fizge ƙafa daidai lokacin da masaba ke saukowa. Ba kurfi na samu ba, idon sawunsa na samu. Na ji ƙarar ƙashin a hannuna kafin in ji ihunsa.

Malama ta ɗaure ƙafar, ta sa aka kai shi asibiti, sai a hanyar dawowa ta juyo gare ni.

"Maƙeri, in ka je gidan mutum sayen akuya, kana sallama?"

Na ce ina yi.

"To ashe akuya ta fi shi."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma na ji haushinta, don ta fi ni gaskiya kuma ba ta kai kafaɗata ba.

Daga ranar ta kafa mini dokoki kamar sabon ɗan koyo. Magani tukuna, sai ya zauna a jiki, sannan ƙarfe. In ka shiga, ka yi sallama ka jira a amsa. Ka zauna ƙasa, kada kanka ya fi nasa tsawo. Ka kira shi da sunan da aka raɗa masa, ba wanda yaran unguwa suka laƙaba masa ba. Ka baje kayan aikinka a gabansa, ka faɗa masa sunan kowanne, ka miƙa masa masabar ya riƙe ya ji nauyinta. Ranar da ta fara cewa in ba wa mai taɓin hankali masaba, na ce Malama, ke ma a duba miki katin nan. Ta ce mutumin da aka ba shi masaba ya mayar maka da ita da hannunsa, ba zai fizge ƙafa ba. Doka ta ƙarshe ita ce babba: kada ka yi masa ƙarya, ko ƙaramar da ake yi wa yaro don ya sha magani. Ta ce an yi musu ƙarya har sun fi kowa gane warinta.

Shi kansa cirewar, ga yadda take, ga masu cewa minti biyar. Za ka shafa man kaɗanya a ƙafar, ka zura guntun tayar mota tsakanin fata da zobe. Guntun ƙarfen titin jirgi nake ɗauka a buhu, a kansa kan ƙusar ke zama, ba ƙafar ba. Wani ya riƙe dunduniya, wanda mai ƙafar ya yarda da shi. Ka kafa kurfi a wuyan ƙusar, ka ce masa za ka buga, ka buga. Duka uku in hannunka na da kyau. Dukan uku ne, amma wani lokaci sai ka yi zaman awa biyu kafin a ba ka izinin na farko.

Shekarar da na daina ƙera mari ita ce muguwar shekarata. Akwai wani mutum a bayan gari da ke da gidan da ake kai masu ciwon a ɗaure, wai magani, kuma ni ke yi masa ƙarfe. Da na ce na bari, sai ya baza cewa abin ya shafi Sallau, aljanun da yake kwancewa sun koma kansa. A shekarar kuma maganin feshi ya cika gonaki, manomi ya gane zai iya kashe ciyawa da jarka a baya ba sai ya sunkuya ba. Ga wani da muka kwance a wajen Beri ya daina shan magani, ya fasa wa maƙwabcinsa kai da itace, aka kai shi wurin wani maƙeri aka mayar masa da mari. Garin nan ya yi mana dariya har ya gaji. Sai in wuni wutata a mace, ina korar ƙuda da awartaki.

Na kai mata kuka, ina zaton za ta tausaya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Cikinka ne ya ragu, ƙafarka ba ta ragu ba. Ka taɓa ganin ƙaurin wanda ya shekara biyar a marinka?" A kan mutumin Beri kuwa ta ce laifinta ne, ta kwance ƙafa ba ta kafa mai kawo magani ba, ba za ta sake ba. Ba ta sake ɗin ba.

Ita ce kuma ta fito da al'adar fartanya. Duk marin da muka cire, sai ta ce in mayar da shi wuta in ƙera fartanya, in ƙarfen bai isa ba in cika da nawa, a kai wa mai ƙafar. Ta ce wanda aka kwance aka bar shi zaune a ƙofar gida ana leƙensa, an canza masa ɗaki ne kawai. Mutanen da aka sani a ɗaure sai ga su a gona a sunkuye. Ana tambayar fartanyar wa ce wannan mai kyau, a hankali manoma suka dawo, har da masu cewa aljanu sun hau ni. Da alama aljanun sun iya ƙira.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka, tana gaba da lema, ina baya da buhu. Ciwon kwana biyu ta yi. Ranar ta'aziyya gidan ya cika, na ga bakunan da suka raɗa mata Uwar Mahaukata suna cewa an yi rashin uwa. Na zauna a gefe, babu wanda ya ce mini komai, don ni ba ɗan'uwa ba ne, ba ɗan ƙungiya ba, mai ɗaukar buhu ne.

Kada in cika zagin yara in manta da kaina. Alhamis biyar suka wuce ban je Sahon Rami ba. Ban taɓa shiga gidan kowa ba tare da ita ba, ni hannu gare ni, baki nata ne. Ana gobe yaran nan za su zo, sai ga Ɗanlami daga Salka yana ɗingishinsa. Yanzu magidanci ne da 'ya'ya huɗu, mudunsa kuma babu mai ƙorafi a kai. Ya zauna a kan kututture ya ce, "Baba Sallau, kai ka sa mini, kai ka cire, kai ka gurgunta ni, duk na yafe. Amma in ka bar mutumin nan yana ƙirga Alhamis yadda na ƙirga Juma'a, wannan kam ban yafe ba."

Shi ya sa na ce wa Ciyaman allo zai samu, amma su fara kawo mota ranar Alhamis.

Suka zo kuwa, sanye da riguna masu hotonta, da janareta, da injin yankan ƙarfe da suka aro wurin mai walda, da mai ɗaukar bidiyo. Da hantsi muka isa. Haruna, wan Isiyaku, ya tare mu a zaure ya ce ba za a taɓa ba.

"Wadda ta ɗauki nauyi ta mutu. In maganin da ta bari ya ƙare, wa zai kawo? Ku za ku koma birni, mu za mu kwana da shi."

Gaskiya ya faɗa. Ciyaman ya gyara murya ya yi masa jawabi a kan 'yancin ɗan Adam, rabi da Turanci. Haruna ya saurara har ƙarshe, don mutumin kirki ne, sannan ya ce a kawo wa baƙi ruwa. Sai Ɗanlami ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna masa zoben tabon da ke ƙaurinsa.

"Yaya Haruna, ka san ni a kasuwar Salka, ka sha sayen dawa a hannuna. Na taɓa cizon ka? Duk wata ina zuwa asibiti karɓar nawa. Ba ni katinsa, in karɓo biyu in kawo maka har zaure."

Haruna ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya shiga ciki ya fito da katin.

Kafin in kwance bakin buhuna, yaran sun ja wayar wuta har ƙofar ɗakin sun tayar da janareta. Injin ya yi ƙara, mai bidiyo ya kutsa kai. Na hango Isiyaku ya manne da bango, ya cusa ƙafafunsa ƙarƙashin tabarma. Injin nan in ya taɓa zobe, kafin ya yanka ƙarfen ya yi zafin da zai gasa naman, balle ƙafar da ke da gyambo. Na kashe janaretan, na ce wa mai bidiyo ya je ya ɗauki rumbuna, suna da kyau. Ciyaman kaɗai na bari, na ce ya cire takalmi ya zauna ƙasa. Ya dubi ƙasan, ya dubi kaftaninsa, ya zauna.

Na yi sallama. Sai a ta uku aka amsa. Na zauna, na ce sunana Sallau, maƙeri ne ni. Na baje kayana, na ce wannan kurfi, wannan taya, wannan man kaɗanya, na miƙa masa masaba. Ya karɓa ya riƙe a ƙirji. Mutum ne dogo, duk ya rame, idonsa tar a kanmu.

"Ina matar?" ya ce. "Mai lema. Ta ce Alhamis."

Ciyaman ya yi caraf ya ce, "Tana hanya, Malam Isiyaku. Ita ta ce mu fara, yanzu za ta iso."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na sani, don da irin muryar nake cewa sai Juma'a. Isiyaku ya dube shi, ya ƙara jan ƙafa ƙarƙashin tabarma, ya gyara riƙon masabar. Na ga Ciyaman ya fara auna nisan ƙofa.

In na faɗa masa gaskiya, ban san abin da zai yi da masabar ba. In na bi bayan yaron, ƙafar nan ba za ta fito ba, kuma gyambon ba zai jira mu ba. Na ce, "Isiyaku, ba ta hanya. Malama Kuluwa ta rasu. Ranar Talata, kwana biyu kafin Alhamis ɗinka. Ni kuma na san da alkawarin, tsoro ya hana ni zuwa sai yau."

Ya sunkuyar da kai, leɓɓansa na motsi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Shi ya sa. Na ce wa Yaya matar nan ba ta ƙarya, wani abu ne ya same ta." Ya ɗago ya dube ni. "Kai ne mai ɗaukar mata buhu?"

Na ce ni ne.

"Ashe kai aka yi wa rashi. Sannu, Baba. Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya ba ka dangana."

Kwana talatin da bakwai da rasuwarta, shi ne mutum na farko da ya yi mini ta'aziyya. Hawaye ya zubo mini a gaban yaron da na gama yi wa ba'a, ban kuma damu ba.

Ya miƙo mini masabar ta wajen ƙota, ya zaro ƙafar ya ɗora da kansa. Ɗanlami ya riƙe dunduniya. Na jira idona ya washe, don ba zan ƙara gurgunta kowa ba. Na ce zan buga. Uku a dama, huɗu a hagu saboda gyambon. Da ya miƙe, gajerun taku ya riƙa yi daidai tsawon sarƙar da babu ita, har ya kai bakin ƙofa ya tsaya yana ƙifta ido a rana.

A mota Ciyaman bai yi jawabi ba. Muna gab da shiga Kontagora ya tambaye ni a hankali ko akwai wasu irin Isiyaku. Na ce suna cikin kwandon roba a ɗakin marigayiya, kowa da katinsa, in 'ya'yanta ba su zubar ba. Washegari aka ce an gan shi a gidanta. Ko zai ɗore, ban sani ba, yaran nan ɗokinsu kamar wutar kara yake.

Ranar arba'in an yi jawabai babu allo, wai sai ƙyalle suka rataya. Ban je ba. Ina rumfa, na hura wuta tun da safe, don Isiyaku ya aiko Ɗanlami ya tambaye ni yaushe fartanyarsa za ta fito, na kuma ce masa Alhamis.